Su wa ke biyan kuɗin lambobin yabon al'adu, kuma ta wace ƙofa fim ɗin Hausar Gadarif zai shiga?

Wata yarinya 'yar shekara 23 ce ta aiko da tambayar daga Gadarif a gabashin Sudan, haɗe da guntun bidiyo na minti ɗaya. Ta ce: "Kawu, barka da war haka. Na ɗauki ɗan fim da wayata a kan matanmu masu kaɗe riɗi da waƙoƙin da suke yi a gona, duka da Hausa. Ina jin ana cewa akwai lambobin yabo da ake bai wa ayyukan rediyo da fim da jarida masu nuna bambancin al'adu. Su wa ke ɗaukar nauyinsu, kuma irin namu yana shiga?"

Barka kadai 'yata, Allah ya yi miki albarka. Tun da yaƙi ya koro ni daga Umdurman na dawo Kasala, yaran da ke zuwa wurina da irin wannan magana abin da suke fara tambaya shi ne nawa ake bayarwa. Ke kin tambayi wa ke bayarwa, kuma nan ne bakin zaren. Na tsufa a aikin rediyo. Na shiga gasa an kayar da ni, na kuma zauna cikin alƙalai na kayar da 'ya'yan wasu. Abin da na gani shi ne kowace lambar yabo kamannin mai biyan kuɗinta take ɗaukowa. A takarda duk "bambancin al'adu" suke rubutawa, amma Bajamushe in ya faɗa, Baturken da ke unguwarsa yake nufi. Basaraken Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa in ya faɗa, yana nufin duniya ta san darajar Larabci. Kamfanin waya kuwa masu sayen katinsa yake hange. Ba zargi nake yi ba, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai gara ki san kan wa za ki aske kafin ki karɓi ladan.

Gidan Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya yayata kalmar. A watan Nuwamban 2001 hukumarsa ta ilimi da al'adu, UNESCO, ta fitar da sanarwarta a kan bambancin al'adu, daga baya aka ware 21 ga Mayu na kowace shekara don tunawa da shi. A 2005 aka mai da maganar yarjejeniya, ƙasashe 148 suka amince, Amurka da Isra'ila suka ƙi. Ruwa ba ya tsami banza. Faransa da Kanada ne suka fi ɗaure wa abin gindi, saboda fina-finan Amurka sun cika musu gidajen kallo da akwatunan talabijin, suna neman hujjar tallafa wa nasu da kuɗin gwamnati ba tare da an ce sun karya dokar ciniki ba. Ba don ni da ke aka dasa bishiyar ba, amma inuwarta ta iso mu. A ƙarƙashin yarjejeniyar akwai asusu da ke iya ba da har dala 100,000 ga aiki ɗaya a ƙasashe masu tasowa, Sudan kuma tana cikin waɗanda suka shiga. Sai dai ba a bai wa mutum ɗaya don ya yi fim ɗinsa. Ƙungiya mai rajista ake ba, ta hannun hukumar UNESCO ta ƙasa, don aiki irin na horarwa da gina sana'ar. Ki ajiye wannan a gefe har ranar da ku matasan Gadarif kuka haɗa kanku.

Ƙofar da na ga ta yi daidai da tsayinki ita ce PLURAL+. Asalinta, a 2005 Sifaniya da Turkiyya suka jagoranci kafa wata hukuma ta ƙawancen al'ummomi a zamanin Kofi Annan, lokacin da zaman Musulmi da Turawa ya yi tsami bayan harin 11 ga Satumba da yaƙin Iraƙi. Wannan hukuma, UNAOC, ita da hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, suka fara gasar bidiyon matasa a 2009. Sharuɗɗanta kamar don ke aka rubuta su: kada mai fim ya wuce shekara 25, kada fim ya wuce minti biyar, kuma ya taɓo ƙaura ko bambancin al'adu ko zaman tare. Ba su damu da harshen da aka yi magana da shi ba muddin an rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto. Kada ki sa rai da kuɗin da zai saya miki kyamara. Ribarta ita ce a nuna fim ɗinki a wuraren da ƙafarki ba ta taɓa takawa ba, sunanki ya shiga takarda, gobe in kin je neman tallafi a ga ba yau kika fara ba. Saura miki shekara biyu, kada ki yi wasa da su. Ita dai wannan hukumar tana da wata lambar yabon da kamfanin motoci na BMW ke ɗaukar nauyi tun 2011, amma waccan ta ƙungiyoyi ce.

Tunda na ambaci fassara bari in tsaya a nan, don nan ne aikinmu yake mutuwa. Na kalli guntun da kika turo sau uku. Akwai inda tsohuwar nan mai ɗankwali ruwan toka ta ɗaga damin riɗi ta juya kansa ƙasa a kan shimfiɗa, tana bugunsa da sanda, ƙwayar na zuba kamar yayyafi, tana cewa "riɗi ɗan ƙarami, mai cika buhun wani," sauran suka kwashe da dariya. Ni da ke mun san ba riɗi take wa waƙa ba. Habaici take wa ɗan kasuwar da zai zo da mota ya kwashe buhunan zuwa kasuwar amfanin gona, ita kuma ta koma gida da ladan yini. In kika bai wa ɗalibin da ya iya Turanci kawai, zai rubuta miki cewa riɗi ƙaramin iri ne da ke cika buhu, alƙali a Niyok ya ga mata suna dariya bai san dalili ba, ya wuce. Ki nemi wanda ya san habaici ya kuma san Turanci, ku zauna layi-layi. Ko kuma ki bar kyamara ta yi fassarar: bayan wannan baitin ki yanko hoton motar tana tashi da kaya.

Na Turai ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. Jamus tana da lambar yabon CIVIS tun 1988, gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ƙarƙashin ARD da gidauniyar Freudenberg ke riƙe da ita, kuma shirye-shiryen da aka watsa a Turai take dubawa. Gidauniyar Anna Lindh, mai sunan ministar harkokin wajen Suwidin da aka kashe a 2003, tana Iskandariyya nan kusa da mu, Tarayyar Turai na zuba mata kuɗi, ta kuma yi shekaru tana karrama 'yan jarida masu rubutu a kan cuɗanyar al'adu. Amma da'irarta ƙasashen Turai ne da na gaɓar tekun Bahar Rum. Masar na ciki, mu muna waje.

Kuɗin gaske a yankinmu yana hayin Bahar Maliya, a hannun sarakuna. Sarkin Sharja, Sheikh Sultan Al-Ƙasimi, ya sa aka kafa lambar yabon al'adun Larabawa tare da UNESCO a 1998, dala 60,000 ake raba wa mutum biyu, ɗaya daga ƙasar Larabawa ɗaya daga waje. Sunanta ma ya gaya miki ba ta waƙar riɗi ba ce. Ƙatar ta fi matsowa kusa da mu. Lambar yabon Sheikh Hamad ta fassara, wadda aka fara a 2015, jimillarta ta kai dala miliyan 2, kowace shekara takan zaɓi wasu harsuna, a 2020 kuma Hausa ta shiga tare da Fashto da Bangali da harshen Suwidin da na Koriya. Na yi murna ranar da na ji. Duk da haka ki lura, Hausar da aka karrama ita ce wadda ta yi hulɗa da Larabci, aka fassara daga shi ko zuwa gare shi.

A Saudiyya ma hanyar da Hausa ta bi ta samu kujera ita ce ta addini. Gidauniyar Sarki Faisal, wadda 'ya'yansa suka kafa a 1976, ta bai wa Sheikh Abubakar Gumi lambarta ta hidimar Musulunci a 1987, kuma tarjamarsa ta Alƙur'ani da Hausa maɗaba'ar Sarki Fahad da ke Madina ta buga ta, alhazai suka yi ta dawowa da ita. Yanzu huɗubar Arfa ma ana fassara ta da Hausa kai tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma dubi ɗaya gefen. Makka da Jidda cike suke da zuriyarmu, sunan Hausawi ya daɗe a bayan rigar 'yan ƙwallon ƙasar, Usama Hausawi har kyaftin ya yi, amma labarin gidajen da suka fito bai cika hawa allo ba. Akwai kuma cibiyar KAICIID da Saudiyya da Ostiriya da Sifaniya suka kafa a 2012, Fadar Fafaroma na 'yar kallo, wadda ke horar da malaman addini da 'yan jarida a kan zaman tare, har Nijeriya tana aiki. A 2019 majalisar Ostiriya ta juya mata baya saboda batun haƙƙin ɗan Adam a Saudiyya, a 2022 ta tattara ta koma Lisbon. Kin ga mai ɗaukar nauyi shi ma yana da nasa nauyin da yake ɗauke da shi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne fim. Sai a 2018 Saudiyya ta sake buɗe gidajen sinima bayan fiye da shekara 30 a rufe, a Disamban 2021 kuma aka yi bikin fina-finai na Bahar Maliya na farko a Jidda. Bikin yana da lambobin yabonsa, babbar cikinsu dala 100,000, amma ni asusunsa ne ya fi ɗaukar min hankali, domin yana tallafa wa masu fim na ƙasashen Larabawa da na Afirka tun daga rubutu har tacewa. Ke kuwa ta ko'ina aka auna kina ciki. Fim ɗin Muhammad Kurdufani, Wada'an Julia, ya samu tallafin wannan asusu, a 2023 ya zama fim ɗin Sudan na farko da aka zaɓa a bikin Cannes na Faransa, ya kuma dawo da lambar yabon 'yanci. Wane labari yake bayarwa? Labarin mace 'yar Arewa da mace 'yar Kudu a gida ɗaya a Hartum, shekarun da suka gabaci rabuwar Sudan ta 2011, da wariyar da muka saba da ita har muka daina ganinta. Wato an ba da kuɗi a kan maganar da a gida ake cewa a rufe. Wannan asusu na masu dogon fim ne da suka riga suka nuna hannunsu, shi ya sa na ce ki fara da minti biyar.

Kamfanoni kuma nasu salon daban. Zain mai layin waya ta ɗauki nauyin lambar yabon duniya mai sunan marubucin Sudan Ɗayyib Salih tun 2010, shekara guda bayan rasuwarsa, ta kuma yi wa adabi hidima, amma da Larabci ake shiga. MultiChoice mai DStv ta fara lambar yabon fina-finai ta AMVCA a Legas a 2013, ta yi shekaru tana ware wa fim ɗin Hausa rukuninsa, saboda tana da masu kallo a Kano da Kaduna da take son su biya kuɗin wata. Kamfani dai yana tare da ke muddin lissafinsa na fita. CNN ta fara karrama 'yan jaridar Afirka a 1995, abin ya yi suna sosai, aka yi na ƙarshe a 2016 aka naɗe tabarma. In kina rubutun zube, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla ita ce inda ba za a ce ki fassara komai ba.

Bari in ba ki abin da ya faru a gabana. Wata shekara aka sa ni cikin alƙalan wata gasar shirye-shiryen rediyo, taken shekarar kuwa haɗin kai cikin bambanci. Mu biyar ne a ɗaki mai fanka ɗaya, ga tulin kaset da faifai a kan tebur, ga shayi yana hucewa. Aka saka wani shiri da wani yaro ya yi a kan masu agashe, yadda suke fere nama siriri, su barbaɗe shi da ƙuli da yaji, su jera tsinke a gefen wuta da magariba. Rabin hirar da Hausa aka yi. Ba a kai minti biyu ba shugabanmu ya ɗaga hannu a kashe, ya ce ai ruɗana ce, wa zai gane? Kin san kalmar, ita ake jifan duk harshen da ba Larabci ba da ita. Na ce ni na gane, in fassara muku. Aka yi dariya, aka ce Ustaz lokaci ya ƙure. Shirin da ya ci na wani ne da ya tara waƙoƙin ƙabilu, kowacce daƙiƙa 30, mai gabatarwa na yabon ƙasa a tsakani. Da muka fita cin abincin rana, agashe aka kawo mana. Har yau ina jin haushin kaina da ban buga tebur ba. Tun ranar, kafin in shawarci yaro ya shiga gasa, sai na tambayi su wa ke alƙalanci, da wane kunne za su saurara.

Matsalarmu ta jemage ce, tsuntsaye su ce dabba ne, dabbobi su ce tsuntsu ne. Gasar Larabawa ta ce harshenmu ba nata ba ne. Gasar Afirka ta duba fasfo ta sa mu a layin Larabawa. 'Yan'uwanmu na Kano kuwa da yawansu ba su san akwai garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ba, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, balle su san ana kaɗe riɗi da waƙar Hausa a Gadarif. Alhali mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Umdurman, a 1942, A'isha Falatiyya ce, 'yar Kasalan nan, jininmu. Kundin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce duk harsunan ƙasa harsunan ƙasa ne, a raya su, amma maganar ba ta sauka daga takarda ta hau iska yadda ya kamata ba. Kin kuma ga abin da rashin sani ya haifar a 2022. A watan Yuli aka kashe fiye da mutum 100 a rikicin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu, a Oktoba fiye da 200 a yankin Wad al-Mahi, Facebook kuwa ya cika da masu cewa mu baƙi ne mu koma inda muka fito. Mutumin da ya taso yana jin muryar kakarki a rediyo zai yi wuya a sayar masa da wannan magana. Shi ya sa ban ɗauki fim ɗinki wasan yara ba.

A cikin duk masu ɗaukar nauyin nan, waɗanda suka fi burge ni ba sarakuna ba ne. Abokai da masoyan Ɗayyib Salih ne suka tara masa dala 20,000 don ya yi hidimar kansa, ya ce a'a, a yi gasa da su. Cibiyar Abdulkarim Mirgani ta Umdurman ta riƙe amanar, aka fara bayarwa a 2003. A 2009 Abdul'aziz Baraka Sakin, shi ma ɗan Kasala, ya ci ta da littafinsa a kan jango, 'yan ƙwadagon gonakin gabas, irin mutanen da ke cikin fim ɗinki, daga baya hukuma ta hana sayar da littafin. Gasar da ta karrama abin da hukuma ke gudu, kin san ba ta jiran umarnin kowa. Dala 20,000 kuwa, tsakani da Allah, akwai alhazanmu a kasuwar Gadarif da a Jidda da ba za su ji fitarta ba. Suna gina masallatai, Allah ya saka musu, amma na sha yi musu maganar gasar shirin rediyo ko gajeren fim da Hausa, sai su dube ni kamar na ce a yi gasar kiɗan kalangu a makabarta. In kun kafa ƙungiyarku, ku je musu ku da kanku da fim a hannu, gani ya kori ji.

Yanzu ga abin da za ki yi. Ki koma wurin matan nan ki gaya musu inda hoton zai je, kowacce ta faɗi yardarta a gaban kyamara, wadda mijinta ko ita kanta ba ta so ki cire ta, don zamanin yaƙi ne kuma fuska a intanet ba ta goguwa. Kada ki ɗora waƙar wani mawaƙi a kai, muryarsu ta isa, kuma haƙƙin mallaka kaɗai na iya sa a fitar da ke. Duk wanda ya rubuto miki cewa kin ci lambar yabon da ba ki shiga ba, ki turo kuɗin rajista, ɓarawo ne. Ki yi fassara biyu, Turanci don waje, Larabci don maƙwabtanki, ni ta biyun ma ta fi min muhimmanci. Sai sauti. A guntun da kika turo iska ta cinye rabin baitin tsohuwar, kuma alƙali yakan yafe hoto mai rawa amma ba ya yafe sautin da ba ya ji. Ki sa wa wayar safa a bakin makirufo, ki juya wa iska baya, ki roƙi Inna ta sake miki waƙar da sassafe kafin a fara bugu. In kin haɗa ki turo min in ji, ki kuma gaishe min da mutanen gida.